Osmomita

Osmomita na'ura ce ta ɗakin gwaje-gwajen asibiti da ake auna yawan abubuwan da suka narke a ruwan jiki da ita, musamman ruwan jini da fitsari. Ba ruwanta da irin abin da ya narke, gishiri ne ko sukari ko yuriya (dattin da ƙoda ke fitarwa ta fitsari). Adadin ƙwayoyin kaɗai take dubawa. Ana rubuta sakamakon da miliyosmol a kowane kilogiram na ruwa; osmol shi ne ma'aunin adadin ƙwayoyin da suka narke, miliyosmol kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na osmol. Ruwan jinin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 275 da 295, shi kuwa fitsari yana iya sauka har 50 ko ya kai 1,200, gwargwadon yadda ƙoda ke riƙe ruwa ko sakin sa.

Yawancin asibitoci suna amfani da mai aiki ta hanyar daskarewa. Ruwa zalla yana zama ƙanƙara a digiri 0, amma osmol ɗaya a kilogiram na ruwa yana saukar da wannan mizani da digiri 1.86. Masanin Faransa Raoult ne ya fayyace ƙa'idar a shekarun 1880. Ma'aikaci yakan ɗebi ɗan ɗigo, a wasu na'urorin mikrolita 20 kacal (bai kai ɗigon ruwa guda ba), ya saka a ciki. Na'urar za ta sanyaya shi har ya wuce inda ya kamata ya daskare alhali yana nan ruwa, sannan ta girgiza shi farat ɗaya. Nan take ƙanƙara ta kama, ɗumin da daskarewar ta saki ya ɗan ɗaga zafinsa, ya tsaya cak na ɗan lokaci. A wannan tsayuwar tsinken auna zafi ke ɗaukar lamba. Ruwan jini yakan daskare a wajen digiri 0.54 ƙasa da sifili.

Miliyosmol ɗaya bai kai kashi 2 cikin 1,000 na digiri ba, shi ya sa ingancin aikin ya rataya a hannun ma'aikaci. Kumfa guda a cikin ɗigon, ko ragowar samfurin baya da ba a goge daga tsinke ba, ya isa ya ɓata sakamako. Fitsari mai gurɓi sai an juya shi a injin tacewa tukuna, don tarkacen ciki na sa shi daskarewa kafin lokaci. Kwalbar da aka bari a buɗe kuwa ruwanta na tashi, lamba ta hau. Ana daidaita na'urar da ruwan gishirin da aka san ƙarfinsa, kuma bai dace a taɓa samfurin majinyaci ba sai ruwan tantancewa, wanda aka riga aka san lambarsa, ya ba da lambar da ake tsammani.

Likita yakan nemi gwajin idan sodiyam ya faɗi a jini, ko mutum na yawan fitsari da ƙishirwa. Akwai kuma batun guba. Don gano ta, ana ninka lambar sodiyam ta jini sau 2, a haɗa da ta sukari da ta yuriya, a kwatanta da abin da na'urar ta auna. Giɓin da ya haura 10 yana sa a zargi barasa, ko sinadarai masu guba irin su metanol da etilin gilaikol. A nan wata irin osmomita mai auna tururi maimakon daskarewa ba ta da amfani, domin barasa da metanol suna bin tururin su tashi, ba ta ganin su.