An sallamo dattijo daga asibiti a Makka: wa zai ci gaba da kula da shi?

Da zarar an sallame shi, asibiti sun gama nasu ke nan?

A'a. Ma'aikatar Lafiya tana da sashen jinya a gida, wanda a nan ake kira ri'aya manziliyya. Nas ta kan zo ta wanke gyambon kwanciya, ta canza robar fitsari, ta auna suga da hawan jini. Amma sai likita ya tura sunansa, don haka ku nema tun yana kan gado, ku karɓi rahoton likita mai hatimi. Wanda ya bari sai an koma gida a unguwar Hindawiyya ko Shara Mansur zai sha zirga-zirga.

To tallafin kuɗi fa?

Wannan wata ƙofa ce daban. Kuɗin daman (tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi) da gidajen kula da tsofaffi suna hannun ma'aikatar da ke kula da ma'aikata da walwalar jama'a. Mai haɗa ku da ita shi ne jami'in walwala na asibitin, ofishin da mutanenmu suka fi wucewa ba su leƙa ba.

Mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, shi ma yana ciki?

Nan gizo ke saƙa. Dokar haƙƙin tsofaffi ta 2022 ɗan ƙasa mai shekara 60 zuwa sama take nufi, kuɗin daman ma yawanci na 'yan ƙasa ne. Mai igama inshorarsa ce madogara, sai ku tambayi kamfanin ko jinyar gida tana ciki. Kada kuma a bar igamar ta mutu.

Za a iya kai shi gidan tsofaffi ba da sonsa ba?

Dokar ta ɗora kulawarsa a kan iyalinsa, kuma ba a kai shi sai da yardarsa, ko umarnin kotu, ko in rayuwarsa na cikin haɗari.

A gida wa zai riƙe ragama?

Mutum ɗaya. Na ga gidan da 'ya'ya suke karɓa-karɓar kai Baba asibiti, kowa ya dawo da ledar magani, har ya zama yana shan maganin hawan jini iri ɗaya sau biyu, sunan kwalin ne kawai ya bambanta. A ba ɗaya rahotanni da jerin magunguna, ya riƙa duba ranar ganin likita a manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya. Shawarar likita ta waya, 937. Motar asibiti, 997.