Waiwaye: Ina Fada Zai Zauna Idan Ya Tsufa?

A ƙasar Hausa tsufan mutum a hannun ƴaƴansa yake. Malamin da ƙarfinsa ya ƙare ba ya tashi daga zaurensa. Babban ɗa ko babban almajiri ya karɓi karatu, shi kuma a shimfiɗa masa buzu a gefe ana kawo masa fura. Limamin Katolika kuwa, wanda a nan Maradi ake ce wa "mon père", a ƙetaren iyaka wajen Katsina a ce masa Fada, ba ya aure, ba shi da ɗa. Gidan da ya yi shekara da shekaru yana kwana ma na majami'a ne. Ran da ya sauka daga aiki, ɗakin ya zama na wanda ya gaje shi.

A da can, ko a Turai, ba a cika sauka ba. Limamin da aka ba majami'a yakan riƙe ta har ƙasa ta rufe masa ido, in ya gaza a turo masa matashi ya taimaka masa. Babban taron bishop-bishop na Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, shi ya ce a tanadar wa limamai abin dogaro na ciwo da tsufa. A 1966 Paparoma Paul na shida ya sa shekara 75 a matsayin lokacin miƙa takardar murabus. Kundin dokokin coci na 1983 ya tabbatar da haka a sashe na 538, ya kuma ɗora wa bishop nauyi biyu a fili: ya ba tsohon limami abin masarufi, ya ba shi wurin zama da ya dace. Yadda za a yi, da inda kuɗin zai fito, an bar wa kowace ƙasa.

Nijar ta daɗe wannan nauyi bai hau kanta ba, domin limaman nata baƙi ne. Tun da aka kafa misiyon ta Yamai a 1931, waɗanda suka riƙe aikin ƴan ƙungiyoyi ne daga Turai: na SMA (ƙungiyar limamai masu wa'azi a Afirka), sannan na ƙungiyar Redemptoris, waɗanda daga cikinsu aka samu bishop na farko, Hippolyte Berlier, a 1961. Ɗan ƙungiya yana da inda zai koma. Ya yi alkawarin zaman tare tun yana saurayi, ƙungiyarsa ce danginsa, ita za ta yi jinyarsa ta binne shi. A Faransa, SMA tana da gidan tsofaffi a Montferrier kusa da Montpellier, Fararen Fada (wata ƙungiyar irin wannan) suna da nasu a Bry-sur-Marne da Billère, kuma tun dokar 1978 limaman Faransa suna da asusun fansho da na lafiya. Saboda haka in gwiwa ta ƙi, sai a yi wa tsoho walimar ban kwana a raka shi filin jirgi. Ba kowa ya so hakan ba. Shi kansa Berlier da ya sauka a 1984, yankin Agadas ya koma ya zauna cikin Buzaye, can ya ƙare rayuwarsa a 1992. Mutumin da harshensa ya saba da Hausa ko Buzanci shekara arba'in, a kai shi ɗaki mai dumama a ƙasar da ƙannensa ma sun riga shi tafiya, ban ga hutu a ciki ba.

Labari ya sake a Maris ɗin 2001, lokacin da aka yanke dayosis ɗin Maradi, wato yankin da bishop guda ke shugabanta, daga ta Yamai, aka ba Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso. Ƙasa ce mai faɗin gaske, ta haɗa jihohin Maradi, Tawa, Damagaram, Difa da Agadas, amma mabiya ƴan kaɗan ne, da yawansu ma baƙi ne ƴan Benin, Togo da Burkina da aiki ko kasuwanci ya kawo. Turawa suka yi ta raguwa, ƴan Afirka suka maye gurbinsu. Cikinsu akwai limaman dayosis, kuma a nan gizo ke saƙa: limamin dayosis ba shi da ƙungiya a bayansa, bishop ɗinsa kaɗai gare shi. Wanda aka aro daga wata ƙasa, bisa tsarin da Paparoma Pius na 12 ya buɗe a 1957, zai koma gida. Wanda aka naɗa da sunan Maradi, Maradi ce za ta riƙe shi. Yawancinsu da sauran ƙarfinsu, shi ya sa maganar ba ta yi zafi ba tukuna. Amma shi Ouédraogo ya riga ya cika 75, ya sauka, an naɗa Ignatius Anipu ɗan Ghana a madadinsa, kuma doka ta ce bishop mai ritaya ma dayosis ɗin da ya yi wa aiki ce kan gaba wajen ɗaukar nauyinsa.

Hanyoyin da wasu ƙasashe suka bi sanannu ne. Akwai masu gina gida guda na tsofaffin limamai, da ɗakin addu'a da mai jinya, ana cin abinci tare. Wannan sai dayosis mai limamai ɗaruruwa. Inda tsofaffin ba su wuce biyu ko uku ba, gini ne za a yi a rasa mai shiga, ga kuɗin wuta da na magani, kuma baikon ranar Lahadi a nan ba ya ɗaukar irin wannan. Akwai masu cewa ya koma wajen dangi. To, dangin da ya bari tun yana yaro ya tafi makarantar limamai a Kumi ko Wagadugu ta Burkina Faso, waɗanda suka saba shi ke aiko musu da na makarantar yara, ba lalle su iya juyawa su ɗauke shi ba. Wani ma danginsa ba addininsu ɗaya ba.

Abin da ya fi kama da zamanmu shi ne a bar tsoho a gidan misiyon tare da matasa, a ware masa ɗaki a ƙasa, mai inuwa, kusa da likita, don zafin watan Afrilu a Maradi ba ya raga wa mai hawan jini. Ritaya ba ta cire masa limanci: yana iya jagorantar Mas, babbar ibadar Katolika, yana sauraron masu neman gafara, yana koya wa sabon zuwa Hausa da yadda ake gaida liman da mai unguwa. Sai dai kada a bar shi a majami'ar da ya shugabanta. Mutane za su ci gaba da bi ta ƙofarsa da ƙararrakinsu, sabon limami ya zama ɗan kallo a gidansa. A kai shi wata majami'ar da ba ta da nisa, a rubuta tun yau wanda zai biya magani da wanda zai kwana da shi in ciwo ya kwantar da shi.