Yadda ake auna juriyar daji da farfaɗowarsa bayan fari

Me ake aunawa idan an ce daji ya jure?

Abu biyu ne da ake yawan cakuɗawa: yawan ɓarnar da fari, gobara ko kiwo suka yi, da kuma saurin komawar wurin yadda yake. Kuka tana daɗewa fari bai kayar da ita ba, amma in ta faɗi, maye gurbinta sai shekaru masu yawa. Sabara da kalgo kuwa ko an sare su da rani, damina na sauka za su tofo daga kututture.

Yaya lissafin yake?

Awo uku ake yi a wuri ɗaya: kafin fari, lokacinsa da bayansa. A ce murabba'in mita ɗaya ya ba da busasshiyar ciyawa giram 200, da fari ya koma 80, bayan shekara biyu ya kai 160. Juriya ita ce 80 a raba da 200, wato 0.4, farfaɗowa kuma 160 a raba da 200, wato 0.8.

A fili fa, me ake yi?

A keɓe wuri mai faɗin mita 20 da tsawon 50, a kafa turakun ƙarfe, don na itace gara ce ke cinye su. A auna kaurin kowace bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, a ƙirga ƙananan tsiro daban. Ciyawa kuma a yanke, a shanya har nauyinta ya daina raguwa. Lokacin awo kada ya canza, ƙarshen Satumba ya fi. Wanda ya auna bana a Agusta, baɗi a Nuwamba bayan shanu sun kiwace wurin, bambancin wata ya auna.

Hoton tauraron ɗan'adam bai wadatar ba?

Yana da amfani, musamman a dajin Rugu da rashin tsaro ya sa shiga ya yi wuya, kuma taurarin ɗan'adam da ake kira Landsat na ɗaukar hoto tun 1972. Sai dai kore ya fi nunawa, ba kasafai yake bambanta irin tsiron ba. Makiyayar da tafasa da tumfafiya suka mamaye bayan gamba ta ƙare za ta fito shar a hoto, alhali dabba ba ta da abin ci. Gawon gonakin Daura kuma da damina yake zubar da ganye, hoton Satumba ba zai nuna shi ba. Sai a nemi na rani. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 su ne za su faɗi itatuwan da suka ɓace.