Dokar da ta mayar da ƙarfen sabis kadarar tsaron ƙasa

A watan Oktoban 2024, da manyan layukan lantarki da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta kwashe kwanaki cikin duhu. Ba fitila kaɗai ce ta mutu ba. Injinan tura ruwa irin na Tamburawa da Challawa da wuta suke aiki, haka firjin ajiye jini a asibiti. Ƙarfen sabis kuwa idan wuta ta ɗauke sai ya koma kan batir da man dizal, in suka ƙare sabis ya tafi, POS ta tsaya, lambar gaggawa ta 112 ta daina shiga a yankin.

Saboda irin wannan sarƙaƙiya ne sashe na 3 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya ba shugaban ƙasa ikon ayyana wasu kayan sadarwa a matsayin waɗanda ƙasa ba ta iya rayuwa sai da su, bisa shawarar mai ba shi shawara kan tsaro. Shugaba Tinubu ya yi amfani da ikon a 2024, umarnin ya haɗa da turakun sadarwa, wayoyin faiba (wayoyin intanet da ake binnewa a ƙasa) da cibiyoyin adana bayanai.

Sashe na 5 ne ke ɗauke da hukunci. Wanda ya aikata laifi a kan waɗannan kaya da gangan zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara 10 ba, babu zaɓin tara. Idan wani ya ji mummunan rauni, har 15. Idan an rasa rai, ɗaurin rai da rai.

Amma a ganinmu, abin da ya fi hukuncin nauyi shi ne tanadin da ya ba da damar a tilasta wa masu kayan su ajiye tsarin farfaɗowa bayan iftila'i, ofishin mai ba da shawara kan tsaro kuma ya riƙa duba su. Wato a rubuce: batir na awa nawa, dizal na kwana nawa, wace hanya ce madadin idan faiba ta tsinke, wa za a fara kira a kamfanin rarraba wuta na KEDCO, Sibil Difens ko hukumar agajin gaggawa ta jiha (SEMA).

Inda gizo ke saƙar shi ne aikin titi da magudanar ruwa. Katafila na tsinke faiba ne saboda ɗan kwangila bai san inda aka binne ta ba, kuma tabbatar da ganganci a kotu ba abu ne mai sauƙi ba. Kafin a fara haƙa, a nemi taswirar layukan daga kamfanonin sadarwa, a kuma tsayar da wakilinsu a wurin.