Mi ake nufi in an ce "ƙaddara ce"?

A Tahoua duk inda aka shimfiɗa tabarmar zaman makoki sai ka ji ta, "ƙaddara ce, sai haƙuri". Kuma gaskiya ce, yarda da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi ita ce cikon rukunnan imani shida. Ma'anarta dai Allah Ya san komi tun bai faru ba, Ya rubuta shi, kuma ba abin da ke aukuwa sai da nufinSa. To amma samari a fada suna tambaya, kuma wallahi bai kamata a kore su da tsawa ba: in Allah na son bayinSa don mi yaro ɗan shekara 2 zai mutu da zazzaɓi, kuma in an riga an rubuta komi ina laifin mai laifi?

Gardamar ta tsufa. Ƴan ƙungiyar Jabariyya sun ce mutum bai da zaɓi ko kaɗan, ƴan Ƙadariyya suka ce a'a mutum shi ke halittar aikinsa. Imam Ash'ari, wanda ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 324 bayan Hijira, ya bi tsakani: Allah ke halittar aiki, bawa ke zaɓa ya ɗauki alhaki, shi ne malamai ke kira kasbu. Kai ma ka san bambancin a jikinka, hannun da ke makyarkyata don sanyin zazzaɓi daban, hannun da ka ɗaga ka mari matarka daban. Wannan zaɓin ma cikin son da Allah ke ma bawa ne, don da tilas aka yi muna da sadaka da sata duk ɗaya ne, ba lada ba zunubi.

Wahalar da ba hannun kowa ciki kuma, irin su fari ko rasuwar jinjiri, ba shaidar ƙiyayya ba ce. Annabi (SAW) ƴaƴa 7 gare shi, 6 sun riga shi rasuwa, Nana Fatima kaɗai ta rage, kuma ranar rasuwar ɗansa Ibrahim sai da hawaye suka zubo mishi. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana hana uwa kuka wai rashin tawakkali ne.

Lokacin annobar Amwas a Sham, Sayyidina Umar yana kan hanyar zuwa can sai ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za ka yi, Umar ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ka ga kenan gidan sauro da kai yaro likita tun ranar farko su ma ƙaddara ne. Malamai sun ce ana kafa hujja da ita kan musiba, ba a kafa ta kan laifi. Uwar da ta rasa ɗa tana da ikon faɗarta ta samu sanyi, amma direban da ya lafta lodi ya kwashi gudu a hanyar Konni da birkin da ya san ya mutu tun sati biyu, ya zo gidan gaisuwa yana cewa ƙaddara ce, shi kam sai an tambaye shi birkin nan, nan duniya da gobe kiyama.