Gudu Ko Daidaito? Tambayoyi Kan Gwada Harsasan Masana'anta a Bindigar Raifil

Mai bindigar farauta ko ta gasa yakan tsaya gaban kwalaye huɗu ko biyar na harsasai daban-daban masu shiga bindiga ɗaya, kowanne da adadin gudunsa a rubuce, ya rasa na ɗauka. Abin da ke jikin kwali bayanin bindigar masana'anta ne. Bindigarka kuwa sai ka tambaye ta da kanka, kuma tambayar tana da ƙa'idojinta.

Me ya sa gudun da ke jikin kwali ba ya zuwa daidai da abin da bindigata ke bayarwa?

Domin ba a irin bindigarka aka auna shi ba. Masana'antu suna gwaji da bututu na musamman, galibi mai tsawon inci 24, wanda aka yi wa makwancin harsashi matsattse bisa ma'aunin SAAMI a Amurka ko CIP a Turai, ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi. Bindigar farauta kuwa sau da yawa bututunta inci 22 ne ko 20, wani ma 18.

Ɗauki harsashin .308 Winchester a matsayin misali. Kwalin ƙwaya mai nauyin giren 150 yakan ce ƙafa 2,820 a sakan. Kowane inci da aka rage daga bututu yana cin kusan ƙafa 20 zuwa 30 a sakan, saboda hayaƙin albarushi bai gama tura ƙwayar ba ta fice. Idan bututunka inci 20 ne, kada ka yi mamaki in ka ga 2,720 ko ƙasa da haka. Ko bindigogi biyu masu tsawo ɗaya suna iya bambanta da ƙafa 50 ko fiye, gwargwadon faɗin makwancin, santsin cikin bututun, da yawan harbin da ya riga ya ci maƙogwaronsa. Shi giren ma'aunin nauyi ne: giren ɗaya miligiram 64.8 ne, wato giren 150 bai cika giram goma ba.

Da me ake auna gudun, kuma ta ina kuskure ke shigowa?

Na'urorin iri uku ne. Akwai tsohuwar mai idanu biyu, wadda ke ganin inuwar ƙwaya tana wucewa. Ana ajiye ta ƙafa 10 zuwa 15 daga bakin bindiga. In ta yi kusa, bugun hayaƙi ya ruɗa ta. In rana ta karkata ko girgije ya rufe, adadin ya canza. In ba ta miƙe da layin harbi ba, tazarar da ƙwaya ke bi tsakanin idanun ta ƙaru, sai ta nuna gudu ƙasa da na gaskiya. Akwai mai maganaɗisu irin MagnetoSpeed da ake ɗaurawa a bakin bututu. Tana auna gudu da kyau, amma nauyinta a kan bututun yana iya sauya inda harbi ke sauka, don haka ba a haɗa awon gudu da awon daidaito lokaci guda da ita. Sai mai aiki da radar, irin LabRadar da Garmin Xero, wadda ake ajiyewa a gefe ba ta taɓa bindigar. Ita ce ta fi dacewa da wannan aiki, domin kowane harbi yana ba ka gudu da rami a takarda tare.

Duk wadda ka zaɓa, da ita za ka auna dukkan harsasan. Kwatanta adadin wata na'ura da na wata ɓata harsashi ne.

Mene ne SD da ES da na'urar ke nunawa?

ES ratar da ke tsakanin harbi mafi gudu da mafi sanyi ce. SD kuwa tana nuna yadda harbin gaba ɗaya ke warwatsuwa daga matsakaicinsu. ES harbi biyu kawai take dubawa, kuma tana ƙaruwa duk lokacin da ka ƙara harbi, shi ya sa ES ta harbi biyar ba a gwama ta da ta harbi ashirin. SD ta fi riƙon amana. Harsashin gasa mai kyau daga masana'anta yakan ba da SD tsakanin ƙafa 10 da 15 a sakan. Na farauta na yau da kullum yana iya kai 20 ko 30, kuma wannan ba aibi ba ne ga aikin da aka yi shi dominsa.

Nisa ne ke ba waɗannan lambobi daraja. A yadi 100, bambancin ƙafa 30 a sakan ba ya motsa ramin .308 ko da kashi ɗaya cikin goma na inci. A yadi 1,000, wannan bambancin yana kusantar ƙafa guda sama ko ƙasa. Mafaraucin da ba ya wuce yadi 200 bai kamata ya ƙi harsashi don SD ɗinsa 25 ba.

Harbi uku ba sa ba da SD abin dogaro. Goma shi ne mafi ƙaranci, ashirin ya fi.

Harsashin da ya fi gudu shi ne ya fi daidaito?

A'a. Harsashin Federal Gold Medal mai ƙwayar MatchKing ta kamfanin Sierra giren 168, wanda maharba gasa suka daɗe suna gwada sababbin bindigogin .308 da shi, gudunsa a kwali 2,650 ne kacal. Harsasan farauta da yawa sun fi shi gudu, amma kaɗan ne ke tara ramuka wuri guda kamar shi. Abin da ke kawo daidaito shi ne kamanceceniya: ƙwayoyi masu nauyi ɗaya, rigar tagullarsu kauri ɗaya ta kowane gefe, albarushi awo ɗaya, ƙwaya zaune a miƙe cikin wuyan kwanso. Ƙwayar da ta ɗan karkata a kwanso haka za ta shiga bututu a karkace, ta fita tana rawa.

Gudu yana da nasa amfanin: yana rage faɗuwar ƙwaya, yana ƙara ƙarfin bugu. Lissafin ƙarfin mai sauƙi ne: nauyi a giren sau gudu sau gudu, a raba da 450,240. Giren 150 a 2,820 yana ba da kusan 2,650 a ma'aunin ƙafa-fam. Giren 180 a 2,620, duk da ya fi sanyi, yana ba da kusan 2,740. Ka ga ko a wajen ƙarfi ma, babbar lambar gudu ba kullum take cin nasara ba.

Yaya ake auna daidaiton a takarda?

Ana harba rukuni a wuri guda, a nemi ramuka biyu mafiya nisa da juna, a auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Tun da tsakiyar rami ba ta ganuwa, sai a auna daga gefen waje zuwa gefen waje, a cire faɗin ƙwayar: inci 0.308 ga .308 da .30-06, inci 0.264 ga 6.5 Creedmoor. A yi amfani da takarda mai kauri, domin ta bugawa tana yagewa ta ɓata gefen ramin.

Sannan a mayar da shi MOA, wato minti ɗaya na kusurwa, wanda shi ne inci 1.047 a yadi 100, ko kusan santimita 2.9 a mita 100. Amfanin MOA shi ne rukunin yadi 100 da na yadi 300 suna kwatantuwa. A kula: yadi 100 mita 91 ne da ɗoriya, wanda ya haɗa su a lissafi ya yi wa kansa kuskuren kusan kashi tara cikin ɗari.

Akwai awon da ya fi wannan: a nemi tsakiyar rukunin, a auna nisan kowane rami daga nan, a ɗauki matsakaici. Ta haka kowane harbi yana da ta cewa. Manhajojin waya suna yin lissafin daga hoton takardar.

Harbi nawa ya isa a yanke hukunci?

Nan mafi yawan gwaje-gwaje ke faɗuwa. Rukunin harbi uku sa'a ce ke juya shi. Bindiga ɗaya da harsashi ɗaya za su iya ba ka rabin inci yanzu, su ba ka inci ɗaya da rabi bayan minti goma, ba tare da komai ya canza ba. Bisa lissafi, rukunin harbi biyar yakan fi na uku girma da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, na goma kuwa ya kai ɗaya da rabi na na uku har ya ɗan zarce. Saboda haka alkawarin "ƙasa da MOA ɗaya" da wasu masu ƙera bindiga ke yi bisa harbi uku ba ya nufin harbi goma za su shiga inci ɗaya.

Mujallar American Rifleman tana amfani da rukuni biyar a jere, kowanne harbi biyar, ta ɗauki matsakaici. Wannan ma'auni ne mai kyau. In kwali ɗaya mai ashirin gare ka, yi rukuni huɗu na biyar-biyar. Kuma kada ka cire ramin da ya kauce ka ce kuskurenka ne, sai fa in ka faɗi haka kafin ka leƙa takardar. Ramin da ya kauce sau da yawa shi ne ainihin halin harsashin.

Idan wani ya ba da matsakaicin inci 1.0, wani 1.1, ka ɗauke su kunnen doki. Idan 0.9 ne da 1.6, to an samu bambanci na gaske.

Wane tsari za a bi ranar gwajin?

Fara da bindigar. Ɗaure kusoshin da ke riƙe ƙarfe da kota, da na zoben madubin saiti, da ma'aunin ɗauri bisa adadin da mai ƙera su ya bayar. Kusa ɗaya mai sako-sako tana iya sa ka zargi harsashi mara laifi. Ɗora gaban kota a kan buhun yashi ko matokara, wani buhun a ƙarƙashin gindinta. Bututu kada ya taɓa komai. Daidaita madubin yadda in ka motsa kai, gicciyen ba zai yi yawo a kan abin hari ba.

Bututun da aka wanke tas yakan jefa harbin farko wani wuri, don haka yi harbi biyu ko uku na share fage. Maimaita haka duk lokacin da ka sauya iri, musamman daga ƙwayar dalma mai riga zuwa ta tagulla zalla, domin dattin da kowace ke bari daban ne.

Kada ka gama kwali ɗaya kafin ka taɓa na biyu. Yi rukuni ɗaya da kowane iri, ka zagayo, yadda zafin bututu, gajiyarka da sauyin iska za su rabu a kansu daidai. Bar minti ɗaya ko biyu tsakanin harbi in bututun siriri ne. In ba ka iya riƙe shi da hannu ba, ya yi zafi. Kada ka bar harsashi ya daɗe a makwanci mai zafi kana gyara saiti, domin albarushin zai ɗumama gudun ya tashi. Zaɓi lokacin da iska ta kwanta: iskar gefe mai mil 10 a awa tana ture .308 kusan kashi uku cikin huɗu na inci a yadi 100, abin da ya isa ya shafe bambancin da kake nema.

Me ya sa harsashi ke yin kyau a wata bindiga ya lalace a wata?

Na farko murɗin cikin bututu. Ƙwaya mai tsawo tana buƙatar juyi mai sauri. A .223 Remington, murɗin da ke cika zagaye ɗaya a inci 12 yana riƙe giren 55, amma giren 77 sai na inci 8 ko 7. In murɗin ya gaza, ƙwayar tana isa takarda a gicciye, ramin ya fito dogo kamar na makulli. Tsawo ne abin dubawa fiye da nauyi: ƙwayar tagulla zalla ta fi ta dalma tsawo a nauyi ɗaya.

Na biyu, bututu yana kaɗawa yayin harbi, kuma kowane harsashi yana fita a wani lokaci na kaɗawar. Na uku, tazarar da ƙwaya ke tsallakewa kafin ta kama murɗin ta bambanta daga bindiga zuwa bindiga. Waɗannan biyun ba a gane su daga kwali, sai an harba.

Wanda ya ci a yadi 100 shi zai ci a nesa?

Ba dole ba. A nesa, ƙwayar da ta fi iya ratsa iska ce ke riƙe gudunta, abin da lambar BC ke nunawa. BC iri biyu ce a kwalaye, G1 da G7, gwargwadon siffar ƙwayar da aka kwatanta da ita, kuma ba a gwama su; G7 ta fi dacewa da doguwar ƙwaya mai siririn gindi. MatchKing giren 168 misali ne sananne: tana da daidaito ƙwarai a gajere da matsakaicin zango, amma daga .308 takan fara tangaɗi idan gudunta ya sauko kusa da na sauti, kusan ƙafa 1,120 a sakan, kafin yadi 1,000. Giren 175 ta fi ta natsuwa a wannan nisa. Saboda haka biyu ko uku da suka yi fice a yadi 100, a sake gwada su a nisan da za a yi aiki da su.

Na samu wanda ya dace. Akwai sauran abin lura?

Duba lambar zubi, wato lambar harsasan da aka ƙera tare a karo ɗaya, galibi a cikin marfin kwalin. Zubi biyu na harsashi mai suna ɗaya suna iya bambanta a gudu da inda suke sauka. Sayi abin da zai ishe ka daga zubi guda, in ka sauya ka sake duba saiti. Rubuta zafin ranar gwajin, domin wasu albarusai suna ƙara kusan ƙafa ɗaya a sakan kan kowane digirin Farenhait.

In farauta ce manufar, zaɓi tsakanin ƙwayoyin farauta kawai. Sierra da kanta ba ta ba da shawarar farautar manyan dabbobi da MatchKing, domin ba don buɗewa cikin nama aka yi ta ba. Ƙwayar farauta mai rukunin inci ɗaya da rabi ta wadatar a yadi 200. Ƙwayoyin tagulla zalla da yawa suna buƙatar kusan ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a sakan lokacin bugu kafin su buɗe, don haka gudun gaskiya da ka auna shi ne zai gaya maka iyakar nisanka.

Duba kowane kwanso bayan harbi. Sakata mai wuyar ɗagawa, tabo mai ƙyalli a gindin kwanso, ko ƙyastun tsakiyar gindin ya baje ko ya huje, duk alamun matsi ne ya yi yawa: dakata da wannan harsashin a wannan bindigar, ka kai ta wurin ƙwararren mai gyara. Kuma abin da aka buga a jikin bututu shi kaɗai ake sa wa bindiga: misali, harsashin 5.56 yana shiga makwancin .223 Remington, amma matsinsa a can yana iya wuce ƙima.