Ƙari a gaban mace: ba kowanne ne ciwon daji ba

A Sakkwato har yau, idan ƙari ya fito wa mace a al'aura, hukunci biyu ake yankewa: ko ciwon daji ne, ajali ya zo, ko kuma cutar da ake kira gishiri ce, a kira wanzami ya yanka. Duka biyun kuskure ne, kuma suna ci mini rai.

Na san wata baiwar Allah da ta yi shekaru tana zama a tabarma da gefe guda, tana tafiya ƙafa a ware saboda irin wannan ƙari, ko kishiyarta ba ta sani ba. Kunya ce ta hana ta magana.

Da yawa daga irin wannan ƙari ba sa yaɗuwa. Wani curin kitse ne, wani tsiron nama mai tauri, wani kuma ruwa ne ya taru don ƙofar wata 'yar jaka da ke bakin farji ta toshe. Akwai ma wanda tsohon yankan kaciya ke haifarwa. Girmansa ba ya nuna muguntarsa.

A asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, likitan mata zai duba, a ɗauki hoto, a kai ɗan yankin naman ɗakin gwaji. Gwajin nan ne kaɗai ke tabbatar da ko daji ne. Yawanci tiyata ce ke cire shi.

Askar wanzami kuwa tana jawo zubar jini, har da yoyon fitsari. In ƙarin ya zama gyambo ko yana jini, yaya, kada ki kwana ba ki je asibiti ba.